Bututun Katangar Baba Na'Allah

"Sauko da shi, Maniru. Na ce maka sauko da shi!"

Maniru mai haɗa wuta yana kan tsani, ƙusa a baki, har ya kafa rabin bututun roba a katangar. Baba Na'Allah, maƙwabcina maɗinkin huluna, yana kan tabarma tari na sarƙe shi, amma sandarsa na nuna sama.

"Haba Baba," in ji Maniru, "duk Boɗinga wanga anka sa. Na ƙarhe ba ya samuwa."

"To a bari sai ya samu."

Shekarar da aka kawo mana lantarki ke nan, kuma a shekarar gwamnati ta hana shigo da kaya, komai ya ɓace daga kanti. Babu wanda ya kai Baba ɗokin wutar nan. Tun ana kafa turaku yake cewa shi dai ya ga ƙwai ya kama a ɗakinsa, ya ƙarasa hular da ke hannunsa ba da fitilar kananzir ba. Ga ciwon ƙirji yana cinsa, duk mun sani.

Na ce, "Baba, don Allah mi roba tay yi maka?"

Ya nuna min katangar. Daga ƙofar ɗaki zuwa wajen randa akwai wani layi mai santsi, daidai kafaɗar mutum, inda yaɓen ya goge. Inna Indo matarsa yanar ido ta rufe mata gani, da hannu take bin katangar nan kullum. Ta nan kuma wayar za ta sauko.

"Ranar garin nan ba ta barin roba, Arzika. Tukunyar roba nawa ta hwasa muna? In ta tsage ina raye, ni gani. In ba ni nan hwa? Wa ka ce mata ɗauke hannunki?"

Inna ta yi magana daga ɗaki. "Malam, a sa abin da anka samu mana. Ni sai in sake hanya."

"Ke da kin ka bi ta tun kahin a haihi Arzika? Ki sake mi?"

Maniru ya ɓalle bututunsa yana ƙunƙuni. Aka ba layinmu wuta, gida-gida, ban da na Baba. Ni kuwa haushi kamar in fashe. Na ce masa taurin kansa ya fi ƙarfen da yake nema, ya yi dariya har tarin ya kwantar da shi.

Daga ranar ban zauna ba. Na shiga Sakkwato, shago-shago, kowa sai ya juya min tafin hannu. Na je Dingyaɗi aka ce an gani a Mandera, na je Mandera aka ce wa ya faɗa? In na dawo sai in tarar Baba ya ƙara zubewa. Ya daina fita zaure. Na roƙe shi ko a ɗauke shi zuwa shagona ya zauna ƙarƙashin nawa ƙwan.

"Naka naka ne," ya ce. "Ka samo?"

Ran kasuwar Shagari na samo, wajen wani mai walda, ragowar wani gini da aka watsar. Na ɗaure shi a keke, yana jan ƙasa, jakuna na firgita, na taka kamar ana bina. Wallahi duk hanya addu'a nake kada in hango taro a ƙofa.

Babu taro. Na tura kan bututun cikin ɗaki. Baba ya lalubo shi, ya ƙwanƙwasa da zobensa, ya saurara.

"Wanga shi na. Indo, taɓa ki ji."

Ta taɓa. "Sanyi gare shi."

"Kira min Maniru."

Maniru ya tafi aiki Horo Birni, ba a san ranar dawowarsa ba. Na aika, na sake aikawa. Washegari da hantsi ina buɗe shago na ji salatin Inna ta kan katanga.

Bayan sadakar uku Maniru ya zo. Ya zura wayar, ya kafa bututun da maɗaurai, ya haƙa rami ya binne masa wayar ƙasa don kada wuta ta ja mai taɓa shi, ya jijjiga bututun da hannu biyu bai motsa ba. Da ya danna makunni na juya baya, don ba na son ya ga idona. Ƙwan ya kama a kan gadon da babu kowa, hular na kan matashi da allura a soke.

"An kunna, Inna," na ce.

"To, madalla."

Ta fito da buta za ta randa, hannunta na bin layinta a katanga. Da ta iso kan bututun ta tsaya. Ta shafa shi sama, ta shafa ƙasa, sannan ta riƙe shi sosai ta huta kaɗan kafin ta wuce.