Farin Ƙaro daga Kalgo

Inno Laraba ta shekara talatin tana dafa wa malaman Gwandu tawada, amma ba ta taɓa ganin ƙaro fari fat kamar gishiri ba sai ranar da Ɗahiru, ɗan ƙanwarta mai fatauci, ya zo mata da shi a gwangwani daga kasuwar Kalgo.

"Inno, ƙaronmu ne na dakwara," in ji shi. "Wani akawun kanti ya ba ni. Can ƙasar Turawa ake narka shi, inji ya tace ɓawo da yashi, a busar ya koma gari."

Ta shinshina, ta taɓe baki. "Ƙaron da babu ko ƙafar tururuwa a cikinsa? Kai Ɗahiru, tawadata fa wanke ta ake yi daga allo a sha. In da ƙashin mushe suka haɗa shi fa, wa ya gani?"

Ta jiƙa kaɗan a ruwan sanyi, tana jiran ya kwanta kamar garin rogo ta kama su da algus. Sai ya narke garau, ya yi danƙo a yatsunta. Duk da haka hankalinta bai kwanta ba. Ta kwaɓa shi da dusa ta ba zakaran gidan, ta sa masa ido kwana uku. Zakara ya ci gaba da cararsa lafiya lau.

Da Ɗahiru ya dawo yana murmushi, ta miƙa masa gwangwaninsa.

"Haɗa da zakaran ka tafi," ta ce. "Ni kam ba zan ci namansa ba."