Ko Ikilima Ta Dawo?

"Haulatu, duba mini wayar nan taki. Yarinyar ta turo?"

Inna Kubura ce, maƙwabciyata, tana kwance a katifa, muryarta da ƙyar take fita. Na leƙa zauren WhatsApp da marubuciyar take sakin littafinta shafi-shafi. Shiru. Saura shafi ɗaya labari ya ƙare, baiwar Allahn nan ta tafi gidan iyayenta a Mashi wankan jego, ta bar mu tsaye cak.

Na'urar karatun tana gefen filon Inna. Ɗanta Yazid ne ya kawo mata daga Kano da idonta ya yi rauni, saboda ana iya ƙara wa rubutun girma. Ya cika ta fal da littattafai daga intanet. Wallahi ko ɗaya ba ta taɓa buɗewa ba! Abin da ta sani kawai, in an saki shafi in sauke a wayata, in kai shagon Kalilu mai gyaran waya a hanyar Kusugu, ya zuba mata da kwamfuta.

Abin yana ɓata wa Yazid rai.

"Inna, ba haka ake amfani da ita ba. A zaurenmu na masu irin wannan na'ura kowa da kansa yake sayen littafi, wani kafin Juma'a ya gama biyu."

"'Yan zauren naku ba su da girki ne?" in ji ta. "Ni dai Ikilima nake jira."

Ikilima ita ce matar cikin labarin, wadda ta tsallaka Nijar neman ƙanenta. Inna ma tana da ƙane da ya bi shanu ta garin Babban Mutum tun tana amarya, har yau babu labarinsa. Ba ta taɓa haɗa mini zancen biyu ba, ni ma ban tambaya ba.

Ranar Laraba jiki ya tsananta. Ta kama bakin mayafina.

"In ta turo, ko barci nake ki tashe ni."

Raina ya raya mini in shirya mata ƙarshen da kaina. Na kasa. Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abarsa.

Shafin ya shigo ranar sadakar uku, ina tsaka da rabon waina. Na bar rabon, na fita neman na'urar. Na tarar da Yazid a soro zai goge abin da ke cikin na'urar, a sa ta cikin kayan gado.

"Dakata, Yazid. Ara mini ita zuwa la'asar."

Na kai wa Kalilu, ya zuba shafin.

Na zauna a ɗakinta, kusa da katifar da ba a naɗe ba. Rubutun yana nan manya-manya yadda ta bar shi. Na karanta a bayyane, a hankali, yadda take so. Ikilima ta dawo, da ƙanenta a bayan babur.

Na ajiye na'urar a buɗe a gefen filon, har haskenta ya ɗauke da kansa.