Bishiyar Takardun Rasuwa

Shekara biyu ke nan lilon yara na lambun tsakiyar gari yana zagaye da jar igiya, tun ranar da reshen tsohuwar bishiyar lipa ya ɓalle ya ragargaza bencin da ke gefensa. Allah ya tsare, babu kowa a kai. Daga nan yara suka mayar da wasansu bakin titin da tireloli ke bi zuwa Turkiyya. Ginka, wadda lambunan garin uku ke hannunta a ofishin magajin gari, kullum ta tashi aiki sai ta ratsa ta cikinsu gabanta na faɗuwa.

Bana hukumar lardi ta ce za ta yi wa garin aiki ɗaya, ɗaya tak, da sharaɗin a share wurin kafin ƙarshen Oktoba, in ba haka ba a kai wa wani gari. Zo ka ga rigima a kwamitin gari! Mai kantin magani ya dage sai an gyara famfon feshi, don yana daidai ƙofarsa. Tsofaffin da ke wunin karta suka ce rumfa. Wata malamar makaranta mai ritaya ta karanto shafi huɗu a kan furanni. Sai da aka yi zama uku, Ginka ta kusa rasa murya, kafin aka sa hannu: a sare bishiyar, a gyara wurin wasan yara, sauran su bi layi.

Washegari ta kai Manol mai injin yankan itace gindin bishiyar. Ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce ai cikinta duk ya ruɓe. Sannan ya tsaya yana duban takardun rasuwar da suka lulluɓe jikinta, wata kan wata, kowace da hoton mai ita: na kwana arba'in, na wata shida, na shekara.

"Waɗannan fa?" in ji shi.

"Ka ɓanɓare su mana."

"Ni? Da hannuna? Haba Ginka, me na yi miki? Ruwa da rana ke cire su, ke ma kin sani. Ga hoton ubangidana can da ya koya min sana'a yana kallona. Ranar da fuska ta ƙarshe ta koɗe, ki kira ni."

"In bishiyar ta faɗo wa wani a ka fa?"

"Sai a manna tasa," ya ce, ya saɓi injinsa.

Takaici kamar ta haɗiye zuciya. Amma Ginka ba ta zama. Ta lissafa: takarda ba ta wuce wata shida a waje, yanzu Afrilu, in dai ba a ƙara sabuwa ba, kafin Oktoba bishiyar ta wanku. Ta sa kafinta ya yi allo mai gilashi da ɗan rufi, aka kafa kusa da gidan burodi, inda kowa ke bi, ta kafa doka: daga yau a nan za a riƙa sa takardun rasuwa, ban da bishiyar. Kuma don kada a ce ta fi ƙarfin dokarta, ita ta fara. Mijinta Stamen, direban jirgin ƙasa, ya cika wata shida da rasuwa a makon, sai ta sa takardarsa a allon.

Shi kaɗai ya yi bazarar nan a ciki. Mutanen garin nan, wallahi sai dai haƙuri! Wata ta ce ba za ta sa uwarta a gilashi kamar kek ba. Wani ya ce mahaifinsa mai son iska ne. Suka riƙa mannawa a ƙofofinsu da turakun lantarki, masu taurin kai kuma su lallaɓo bishiyar. Sau biyu Ginka tana kama tsohuwa da guduma a jaka, ta raka ta gida da lallashi da barazana. Aka daina amsa gaisuwarta a kasuwa. Oho dai. Ita kullum sai ta biya ta duba yadda fuskokin ke dusashewa, har ta fara jin daɗin ruwan sama, abin da ba ta taɓa so ba.

Tsakiyar Oktoba babu abin da ya rage sai fararen tsummokaran takarda. Manol ya zo da tabarau ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya ce to, Litinin ashirin da takwas.

Asabar ɗin da ke gabanta Stamen ya cika shekara. Ginka ta sa sanarwa a allo, ta dafa alkama da sukari babban faranti, ta yi burodi, ta sayi giya, ta kai maƙabarta. Mutum huɗu suka zo, har da limamin coci. Ba ƙiyayya ba ce, kawai babu mai duba allon. Dobrinka, yayar marigayin, ta dubi farantin da ko rabi ba a ci ba. Irin wannan kallo na Dobrinka kuwa bai taɓa zama alheri ba.

Ranar Litinin Ginka ta iso ta tarar da Manol zaune a kan injinsa yana zuƙar taba. Ya nuna mata bishiyar da haɓa. Ga Stamen nan, sabuwar takarda fil, da hularsa ta aiki, yana wannan murmushin nasa na wanda ya ɓoye wani abu. Dobrinka na tsaye a gefe cikin baƙaƙen kaya, guduma a hannu, ko ɓoyewa ba ta yi ba.

"Yaya! Wata shida ina gadin bishiyar nan! Kwana uku ya rage!"

"Shekara arba'in ƙanena yana kai mutanen garin nan yana dawo da su," in ji Dobrinka, "kika rufe shi a kwalba, aka yi masa addu'a da mutum huɗu. Babanmu a nan aka sa shi, innarmu a nan. Shi ne bare?"

"Yaran fa? Sai mota ta take ɗaya za ku huta?"

"Ni ban hana ki ba. Ga ki, ga shi."

Manol ya murje tabarsa. "Mijinki ne, Ginka. In ke kika cire, ni ban gani ba. Kafin azahar na kwantar da ita."

Ginka ta taka da sauri, tana huci. Takarda ce fa, takardar da aka buga a shagon hoto! Ta cusa yatsa ƙarƙashin kusurwar, ta ja kaɗan, ta ji ta fara yagewa wajen kafaɗarsa. Sai hannun ya tsaya. Ta ce wa hannun ya ja, ya ƙi. Haushin Dobrinka ya cika ta, da na Manol, da na kwamiti, da na Stamen da ke ta murmushi, amma duk bai kai haushin kanta ba. Ta san wurin wasan ya tafi, kuma ba wani ne ya kai shi ba.

"Tafi gida, Manol," ta ce, ba ta juyo ba.

Dobrinka ta matso. "Dama na san ba za ki iya ba."

"Yi min shiru, Yaya. Miƙo gudumar nan, a karkace kika buga shi."