Faten Acca Kafin Godiyar Kaka

"To ka mutu mana, Dogara! Ka mutu da rumbu cike, mu ga wanda zai tafa maka."

Gwaggo Larai ke nan, yayar Baba, tsaye a bakin ƙofa da ƙwarya a hannu. Baba yana kwance a tabarma, ya ba ta baya. Ƙasusuwan kafaɗarsa sun turo singileti.

"Ba na cin sabon abu sai an kai nunan fari gaban Ubangiji," ya ce, fuskarsa a bango. "Kin sani, Yaya. Tun kafin a haifi yaron nan kin sani."

Yaron nan ni ne, Kambai. Ina gindin gwaiba ina gyaran sarƙar keken da ba abin da ya same ta. Na gama sakandare a watan Yuni, ina jiran a kira ni koyarwa a firamaren kyauta da gwamnati ta buɗe bana. Ba a kira ba. Saboda haka kowace rigimar gidan nan a kunnena take sauka.

Ga yadda abin yake. A asibiti a Kafanchan an ce Baba yana da ciwon sukari da hawan jini. Nas ɗin, Sista Hellen, ta zaunar da ni da Mama ta yi mana bayani. Ya rage tuwon dawa da sakwara. Ya rage manja da gishiri. Ya riƙa cin acca, wake, kabewa, gauta, ganye da yawa, gwaiba in ta nuna. "Ba sai kun nemi wani abu daga nesa ba," in ji ta. "Duk yana gonarku yanzu."

Gaskiyarta. Watan Oktoba ne. An yanke acca, an sussuke. Kabewa na kwance a bayan gida kamar 'ya'yan alade. Yakuwa ta yi jajur a kan kunya. Amma tsohuwar acca ta ƙare tun tsakiyar damina, Baba kuma dattijon ikilisiya ne, ba ya sa sabon hatsi a baki sai an yi godiyar kaka a majami'a. Da can hatsi da doya ne kawai. Bana da ya kwanta, sai ya ƙara kabewa da gyaɗa da wake, wai ciwon gwaji ne, ba lokacin sassauci ba ne. Godiyar kakar ma an ɗaga ta zuwa ƙarshen Nuwamba, don an kware rufin majami'a za a sa kwano.

Don haka yana shan kunun dawar bara, tsararo, ya haɗiye ƙwayar asibiti a kai, jiri ya kwashe shi. Shekaranjiya a bayan gida muka ɗauko shi.

Mama ta gwada dabara. Ta samo acca wurin Binta mai hatsi a kasuwar Kafanchan, wai tunda ba ta gonarmu ba ce, ba laifi. Ya shinshina kwanon sau ɗaya.

"Ta bana ce. Binta a sama ta noma ta?"

Ni ma na gwada. Na ce ai Littafi ya ce an yi Asabar domin mutum ne, ba mutum domin Asabar ba. Ya ce ashe sakandare har wa'azi take koyarwa, ga shi kuwa rabona da sujada tun Ista.

Yau Gwaggo ce ta zo daga ƙauyensu da tata ƙwaryar. Ita ma ta sha kashi. Ta dire ƙwaryar a gaban Mama.

"Matarmu, ke kika lalata shi. Da ni ce, in danne shi in ɗura masa kamar jariri."

"Ga shi nan ai, Yaya. Danne shi."

Mama ta shiga ɗakin, ta durƙusa. Muryarta ƙasa-ƙasa, amma na ji.

"Baban Kambai, in aka kai nunan farin yau fa? Ba sai ranar taro ba. Yaron nan ya kai wa Fasto."

Baba ya ɗan juyo da kansa.

"A cikin majami'a," ya ce. "Ba a barandar gidansa ba. Ya yi addu'a a kai a cikin majami'a. Sai in ci."

Aka ɗaure mini kaya a keke: acca a ƙullin zane, kabewa guda, damin yakuwa, gyaɗa, wake. Na taka zuwa Fadan Kagoma, rana a tsakiyar kai, kabewar na bugun bayana a kowane rami.

Fasto ba ya nan. Matarsa, Mama Selina, tana shanya citta a tsakar gida. Ta ce ya tafi Manchok jana'izar ƙanensa, daga can kuma akwai taron fastoci. Sai wani mako, in Allah ya yarda. Mai bishara fa? Tare suka tafi. Sauran dattawa? Babanka ne babba, in ji ta, su ba za su yi gabansa ba.

Wani mako. Na tuna ƙasusuwan nan a cikin singileti.

Na tura keken zuwa majami'a. Ba rufi, sai katakai da sararin sama. Kafintoci biyu na cin rake a inuwar bango, suna kallona. Na shiga, na sauke kayan a gaban teburin da ake ajiye baiko. Na tsaya. Ban san yadda ake farawa ba, ko kuwa na manta.

"Ubangiji," na ce, "ga acca. Ga kabewa da sauransu. Daga gonar Dogara. Mun gode. Tsohon ba ya cin abinci, ka sani. Amin."

Ɗaya daga cikin kafintocin ya ce amin da rake a baki. Na kwashe kayan na kai wa Mama Selina, na juyo.

Mama na jirana a bakin zaure.

"An yi?"

"An yi addu'a. A cikin majami'a."

Gwaggo ta dube ni, ta daɗe. Ƙauyensu a kan hanyar mota yake, ba mai wucewar da ba ta gani, har da Fasto. Sannan ta juya kan Mama.

"Me kike tsaye? Hura wuta."

Na zauna a kan turmi ina kallonsu. Mama ta rege acca a ƙwarya biyu, tana juyawa daga wannan zuwa waccan har yashin ya kwanta a ƙasa. Wake ya riga ya yi laushi a tukunya, tun safe ta ɗora, kamar ta sani. Ta zuba kabewa yankakkiya, gauta, albasa, daddawa, ɗan citta. Gwaggo ta daka sabuwar gyaɗa, ta zuba da kanta.

"Ina manja?"

"Sista ta hana."

"Gishirin nan fa? Wannan ai ko kaza ba za ta ji ba."

"Yaya, ajiye gishirin nan."

"Fate ba manja ba gishiri. Mutumin da kuke roƙo ya ci!"

"Yakuwa za ta ɗaga shi. Ajiye."

Da kabewar ta narke, Mama ta barbaɗa accar tana juyawa don kada ta yi gudaji. Yakuwa da alayyafo a ƙarshe, ta rufe, ta janye itacen, don ganyen ya tsaya kore. Ƙamshin ya cika gidan. Ni kaina sai a lokacin na tuna ban karya ba.

Ni na tayar da Baba, na jingina shi da bango. Ba nauyi. Mama ta ajiye kwanon a gabansa, da gwaiba biyu a gefe. Tururi na tashi, kore da ruwan ɗorawa. Maƙogwaronsa ya motsa. Ya rufe ido ya yi godiya, doguwa, har da masu aikin rufin majami'a ya sa a ciki. Muka ce amin. Amin ɗin Gwaggo ya fi na kowa ƙarfi.

Ya ɗebo cokali guda. Ya hura, ya kawo shi kusa da baki. Mama ta damƙe bakin zanenta.

Sai ya tsaya. Ya ɗago kai, yana murmushi, irin wanda na daɗe ban gani ba.

"Kambai, ka kyauta. Allah ya yi maka albarka."

Na dubi ƙasa. Gwaggo ta dubi rufin ɗaki. Fate ya ɗiga daga cokalin ya koma kwano.

"Wace aya Fasto ya karanta a kai?"