Gurasar Baba Jia

Kwanon ya shigo ta tagar kicin da lamba tara maƙale a bakinsa, tsinken cin abinci guda ɗaya kwance a kai. Tong Baolin ya miƙa hannu zai juye shi a kasko, sai ya tsaya cak. Tsinke ɗaya na nufin a bar romo kurɓi guda a gindin kwano, kuma da wannan hantsin mutum ɗaya ne ke neman haka: Baba Jia, tsohon mai gyaran agogo, wanda katanga ɗaya ta raba gidansa da shagon Tong. Amma gurasar da ke ciki ba ta yi kama da aikinsa ba. Gutsattsari ne manya-manya, wasu sun kai kan babban yatsa, wasu ma yagarsu kawai aka yi.

Kaf unguwar Musulmi ta birnin Xi'an na ƙasar Sin babu wanda bai san dokar Tong ba. Idan ka zo cin paomo za a ba ka kwano da gurasa biyu masu tauri, ka zauna ka gutsuttsura da hannunka, shi kuma ya dafa maka naka kai kaɗai a romon rago. Ka yi aikin ganganci, kwanon zai dawo maka da tsawa a bayansa: "Lamba sha biyu! Doki zan dafa wa? A sake!" Ya mayar wa shugaban makaranta, ya mayar wa ango ran da ya fito da abokansa, har surukinsa bai tsira ba. Rabin shagunan layin sun sayi injin yanka gurasa saboda baƙi masu gaggawa, shi kuwa ya ce gurasar inji ba ta shan romo, wanda ke sauri ya je gaba ya ci tsire.

Kwanon Baba Jia kaɗai ne bai taɓa komawa ba a shekara talatin. Tsohon yakan share sa'a guda yana murzawa, ya kawo gutsattsari daidai wa daida, kowanne bai kai ƙwayar wake ba. Sau da yawa Tong kan ɗaga kwanon ya nuna wa jama'a kafin ya dafa.

Ya leƙa ta tagar. Baba Jia na zaune a kujerarsa ta kusa da ƙofa, ya ɓoye hannayensa a ƙarƙashin tebur. Tong ya ji labarin tsohon ba shi da lafiya, amma bai san ciwon ya kai ga yatsu ba. Tausayi ya kama shi. Ya ja kwanon gefe, ya juya wa taga baya, ya gutsuttsura gurasar da kansa cikin sauri. Sannan ya dafa, ya zaɓo nama mai laushi ya ɗora a kai.

Tsohon ya ɗebi loma ɗaya daga gefen kwano, kamar yadda masu sanin abin ke yi. Ya tauna. Ya ajiye tsinke, ya dafa tebur ya miƙe, ya tako har bakin taga.

"Baolin, wa ya taɓa min gurasa?"

"Haba Baba, wa zai taɓa maka?"

"Kada ka raina min hankali. Ni da tsokar yatsa nake murzawa, wannan aikin farce ne. Farcenka." Muryarsa ba ta tashi ba, amma shagon ya yi tsit. "Surukinka ka mayar masa da kwano. Shugaban makaranta ka mayar masa. Ni ne ban kai a mayar min ba? To ai ka riga ka binne ni, sallah kawai ta rage."

Ya fita bai waiwaya ba.

Guifang, matar Tong, ta ɗauke kwanon tana girgiza kai. "Kai da tausayi ba ku taɓa zama inuwa ɗaya ba. Yau ka gwada, ga abin da ka jawo mana."

Mako uku Baba Jia bai leƙo ba. Tong ya aika da paomo sau huɗu, sau huɗu kwanon ya dawo a rufe, kitse ya daskare a kai. Daga nan Lanying, 'yar tsohon, ta zo ta tsaya a bakin taga ta ce likitoci sun sallamo shi gida, sun ce a yi ta addu'a. Kwana uku ke nan ban da ruwa babu abin da ya shiga cikinsa.

Tong ya kasa yi wa kowa tsawa ranar. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada maƙwabcinsa ya tafi da wannan ɓacin rai, ya zamana abu na ƙarshe da ya ci daga hannunsa ƙarya ce. Da aka idar da Azahar ya bar wa Guifang shago, ya ɗauki kwano wayam da gurasa biyu, ya ratsa masu dakan alewar gyaɗa da hayaƙin 'yan tsire, ya shiga gidan Baba Jia da sallama.

Ɗakin na warin magani. Agogo bakwai a bango, duka suna tafiya tare. Baba Jia na kwance a jingine da matashi, ya rame har hularsa ta yi masa yawa.

"Baba, ya jiki?"

"Ga shi nan. Kunu ka kawo min, ko kuka ka zo yi?"

"Aiki na kawo."

Ya ɗora kwanon a cinyarsa, ya ajiye gurasa a kai. Tsohon ya dubi gurasar, ya dubi Tong, ya daɗe. Sannan ya fito da hannayensa daga bargo. Rawa suke yi, har gurasar ta kuɓuce masa sau biyu. Lanying ta matso za ta kama masa, Tong ya harare ta, ta koma ta zauna.

Sai da aka kusa kiran La'asar ya ci ƙarfin rabin gurasa ɗaya. Gumi ya jiƙa masa wuya. Ya tura kwanon gaba, idonsa kur a kan Tong.

Aikin ya fi na wancan karon muni.  Tong ya tsamo gutsure ɗaya, ya ɗaga shi wajen hasken taga, ya juya shi.

"Wannan mene ne? Bulo? Gini za mu yi?" Ya jefa shi cikin kwanon, ya tura masa. "A sake!"

"Kawu Tong!" Lanying ta miƙe tsaye. "Ba ka ganin halin da yake ciki?"

Amma tsohon dariya yake yi. Dariyar ta zama tari, tarin ya lafa, dariyar ta dawo. "Ɗan banza mai bakin tsiya," ya ce yana share ido. "Ko ubanka da ya kafa shagon bai taɓa yi min haka ba."

"Ubana bai ga irin wannan ɓarnar ba."

"Miƙo min nan. Yarinya, gyara min matashin."

Tsohon ya sake bin gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya. Tong ya je masallaci ya dawo, ya same shi yana yi. Da ya gama, Tong ya girgiza kwanon, ya taɓe baki. "Ba yabo ba fallasa. Yau dai na karɓa."

"Tsinke ɗaya," in ji tsohon.

"Ni za ka koya wa?"

Ya koma shago da sassarfa. Ya dafa gurasar yadda take, bai taɓa ko ɗaya ba, sai dai ya bar ta a wuta ta ɗan jima don romo ya ratsa manyan. Ya rufe da faranti, ya kawo da zafinsa, da tafarnuwa mai zaƙi a gefe. Baba Jia ya ci loma biyar, ya gatsa tafarnuwa, ya lumshe ido. Lanying ta juya fuska bango tana kuka ba sauti.

"Gishiri ya so ya yi yawa."

"Bakinka ne, Baba."

"Bar min ɗaya gurasar. Zan fara ta gobe tun yanzu, sai na ba ka kunya."

Washegari da hantsi Tong na kwashe kumfa daga kan tukunyar romo ya ji kuka ta bayan katanga. Ya ajiye ludayi, ya ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ya ce wa Guifang ta sauke ƙofar shago.

Liman ya sa Tong cikin mutum ukun da za su yi wa gawar wanka. Ɗaya na riƙe da buta yana zuba ruwa, Tong ya kama hannun dama yana bin yatsun a hankali. A ƙarƙashin farcen babban yatsa ya ga wani ɗan farin abu ya maƙale. Ya cire shi da bakin nasa farcen. Gurasa ce, ƙwayar gero ma ta fi ta girma.

Mai butar ya dakata yana jiransa. Tong na tsugune, gutsuren na kan yatsarsa, ya rasa inda zai ajiye shi.