Addu'a a Bakin Titin Kalgo

Da hantsi ne, rana ta buɗe amma hadari yana ta haɗuwa ta gabas, iska ko motsi ba ta yi. Umaru yana tsaye a bakin titin Kalgo riƙe da kwali da hannu biyu, zufa na bin gadon bayansa. Tun da sassafe suka baro Malisa a bayan wata tsohuwar a-kori-kura, suka ɗebi mutanen Gwandu da na Kambaza a hanya.

Fadama ce ta kawo su. Gwamnati tana tattaunawa da wasu baƙi daga ƙasar waje masu son a ba su fili su noma shinkafa da injuna, filin da aka nuna musu kuwa ya haɗa har da fadamar da mahaifin Umaru ya bar masa. Ko arba'in ɗin tsohon ba a yi ba. Yau za a zauna a wani gidan gona a Kalgo, in aka sa hannu, shi ke nan.

Da Turanci aka rubuta kwalin don baƙin su gani. Umaru bai iya karanta shi ba, an dai ce masa yana cewa a bar musu ƙasarsu.

"Kai maraya, a juye ka riƙe shi," in ji Albarka, abokinsa tun suna kiwo. "So kake Turawan nan su karye wuya?"

Umaru ya juya kwalin, ya ɗan yi murmushi. "Kai ma an gaya maka ne."

Sun shirya wa duka, sun shirya wa barkonon tsohuwa, wasu har da jiƙaƙƙen tsumma a aljihu. Baba Abdulbaƙi, wan mahaifin Umaru, shi aka zaɓa ya yi magana. Duk hanya yana ta maimaita ta a ransa, leɓɓansa na motsi. Kusa da shi wata 'yar jarida ce, Mufida, daga wani ƙaramin gidan rediyo, ta riƙe na'urarta a shirye.

Sai ga jiniya. Motoci baƙaƙe suka jero, 'yan sanda suka diro, mutane suka ɗaga kwalaye suna ihu. Umaru ya ɗaga nasa har kafaɗunsa suka amsa.

Amma ba a daki kowa ba. Motar tsakiya ta tsaya, Honarabul ya fito, shi ne jagoran tattaunawar ta ɓangaren gwamnati. Wani yaronsa, Mubarak, ɗan Gwandu ne da ya san kowa a wurin, ya raɗa masa wata magana a kunne yana nuna Baba da haɓa. Honarabul ya tattare babbar rigarsa, ya taho kai tsaye, ya durƙusa a gaban tsohon, gwiwarsa a ƙasa.

"Baba, ashe hakanan Allah ya yi ikonsa? Ban ji rasuwar ƙanenka ba sai kwanan nan. Ya haƙuri?"

Bakin Baba Abdulbaƙi ya buɗe da maganar fadama, amma abin da ya fito shi ne, "Haƙuri sai ma'aiki."

"Ina ɗan da ya bari?"

Aka turo Umaru gaba. Honarabul ya kama kafaɗarsa, ƙanshin turare ya cika masa hanci.

"Mahaifinka mutumin kirki ne. Jama'a, mu yi mai addu'a." Ya ɗaga tafukansa sama.

Umaru ya dubi kwalin da ke hannunsa. Ubansa ake roƙa wa gafara. Ta yaya mutum zai tsaya da kwali a hannu ana yi wa ubansa addu'a? Ya sunkuya ya ajiye shi a ƙasa. Ya ji ƙarar sauran kwalayen suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Har Albarka ya jingine nasa a ƙafa, ya buɗe hannu.

Honarabul ya iya addu'a. Ya roƙa wa mamaci rahama, ya roƙi damina mai albarka, ya zarce da zaman lafiyar jiha, ya ce Allah ya sa zaman da za a yi yau ya zama alheri ga manoma. Aka ce amin, don ba a yanke addu'a a tsakiya a ce wannan ban da ni. Ta gefen ido Umaru ya ga gilasan motoci sun sauka. Baƙin suna kallo, wata mata a cikinsu ta dafe ƙirji, tafinta na yi mata bayani yana murmushi. Masu ɗaukar hoto na gwamnati suna ta zagayawa.

Ana shafawa Mufida ta kutsa. "Ranka ya daɗe, gaskiya ne fadamar Malisa tana cikin filin da za a bayar?"

"Haba ɗiyata, wurin ta'aziyya muke," in ji Honarabul a hankali. "Ki zo ofis, ƙofata a buɗe take." Wani ɗan sanda ya sa kafaɗa tsakaninsu, cikin ladabi.

"Honarabul, batun gonakinmu," Baba ya fara.

"Na sani, Baba. Ni naku ne. Baƙi na jira, kar mu ji kunya."

Kafin Umaru ya ɗauko kwalinsa motocin sun tashi. Suka bi su a ƙafa har ƙofar gidan gonar, suka tarar an rufe, ga sojoji. Nan suka zauna ƙarƙashin dogonyaro har azahar. Ruwa ya sauko, ya jiƙa kwalayen har rubutun ya narke.

A hanyar komawa direba ya kunna rediyo. Aka ce manoman Gwandu sun yi dafifi a Kalgo domin yi wa tattaunawar addu'a, an kuma cimma matsaya. Albarka ya yi wata dariya marar daɗi.

"Wallahi har amin ɗina na ji a ciki."

"Mi za mu yi?" in ji Baba, idonsa a kan titi. "Mu ce ba mu son gafara ga mamaci?"

Umaru ya zuba wa gonakin gefen hanya ido. Yana ta tunanin irin shinkafar da ya ajiye a rumbu, ko ya shuka ko ya bari.

Ya sauka kafin gari, ya ce zai leƙa fadama. Daf da ita ya tarar da wata farar mota ta kafe a laka, sandunan awon fili da turakun shata iyaka masu jan fenti sun leƙo ta bayanta. Direban yana ta ba ta wuta, tayoyi na juyawa a wuri ɗaya.

"Kai, malam! Zo ka kama mana!"

Umaru ya tsaya yana kallon turakun. Sannan ya tuɓe takalmansa, ya naɗe wando, ya karyo rassan sabara ya cusa ƙarƙashin taya. Ya sa kafaɗa ya tura. Motar ta yi gurnani ta fita, ta watsa masa laka har wuya, ta miƙe ta nufi fadama.