Darasi a Ƙofar Gidan Alhaji Yahuza

Tun farkon damina Malama Suwaiba ta faɗa a taron iyayen yara cewa ruwan yanzu ba irin na da ba ne, na wata guda sai ya zubo a wuni ɗaya. Ta ce katangar da Alhaji Yahuza ya gitta kan magudanar bayan makaranta za ta juyo da shi cikin azuzuwa. Alhaji, wanda shi ne ma shugaban iyayen, ya kwashe da dariya.

"Malama, ke ce ke rabon ruwan sama yanzu? Je ki riƙe allinki."

Maza suka yi ta ƙyaƙyatawa. Har ta isa gida Sabon Gari zuciyarta na tafasa, ta rantse sai ta rama.

Wata Talata cikin Agusta ruwa ya kece. Fitar da yara ke da wuya bangon aji huɗu ya rufto kan bencinansu. Alhaji ya aiko da jaje, amma katanga ko bulo ɗaya bai cire ba. Ga bangon aji biyar ya jiƙe sharkaf, ga hadari kullum.

To, Suwaiba ba ta iya haƙuri ba. Ranar Juma'a da safe, lokacin da dillalan shanu ke cika dakalin Alhaji kafin su wuce kasuwar kara, sai ga ta da yara sittin da uku a layi. Ta jingina allo da ƙofar gidansa.

"Malama, lafiya?"

"Lafiya lau, Alhaji. Ajinmu ne ya rushe, muka zo inda ruwa ba ya shiga."

Ta juya ga yara. "Me ke kawo ambaliya?"

"Toshe magudana!"

"Wa ke toshe magudana?"

Dillalai suka daina taunar goro. Can daga tsakiyar layi wata siririyar murya ta fito, ta Radiyya, autar Alhaji, wadda ita ma 'yar aji huɗu ce.

"Babana."

Alhaji ya miƙe, carbi ya suɓuce masa. Yarinyar ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan hijabinta. Suwaiba ta ji tausayinta, wallahi ta ji. Amma daɗin da ta ji ya fi yawa.

"Ɗaga murya, Radiyya," ta ce. "Baƙin babanki ba su ji ba."